Ragar Zuciya Mai Narkewa: Yadda Ake Dasa Ta da Wanda Ta Dace da Shi

Magidanci ya dawo daga sallar isha'i, ya zauna a zaure, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji. Gumi mai sanyi ya keto masa, nauyin ya gangara hannun hagu, ya hau muƙamuƙi. A gidaje da yawa a nan Zariya abin da za a fara cewa shi ne ulsa ce ta motsa, a aiki yaro kemis. Idan kuwa bugun zuciya ne, a daidai wannan lokacin ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi uku da ke shayar da tsokar zuciya ta toshe. Kitse ne ya yi shekaru yana taruwa a cikin bangon jijiyar, rannan 'yar fatar da ta lulluɓe shi ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: jini ya daskare a kan tsagar, gudan ya rufe hanya. Bayan minti 20 zuwa 30 tsokar da jini ya yanke wa za ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Maganin da ya fi shi ne a buɗe jijiyar da siririn balan-balan, sannan a tokare wurin da wata 'yar raga mai siffar bututu, wadda likitoci ke kira sitent. Faɗinta milimita 2 zuwa 4 ne, tsawonta galibi bai wuce gaɓar yatsa ba. Wadda aka saba da ita ta ƙarfe ce, tana zama a jiki har abada, kamar azara a cikin ginin soro. Akwai kuma wadda aka ƙera don ta narke, ita kuma ta fi kama da sandunan da magina ke tokare dekin da su, siminti na kamawa a kwashe su.

Da me ake yin mai narkewar

Iri biyu ne suka yi fice. Na farko ana yin sa da wata roba mai suna PLLA, dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Ruwan jiki ne ke tsinka ta sannu a hankali, ta koma sinadarin nan da ke sa kindirmo tsami, daga nan jiki ya mai da shi ruwa da iskar da muke fitarwa a numfashi. Ƙarfin tokararta yana fara raguwa bayan wata shida zuwa shekara, amma ba ta ɓacewa ƙurmus sai kusan shekara uku. Absorb ta kamfanin Abbott ita ce shahararriya a wannan layi. Na biyu ana yin sa da ƙarfen maginiziyam, kamar Magmaris ta kamfanin Biotronik da ta fito a Turai a 2016, wadda kusan duk ƙarfenta ke narkewa cikin wata 12. Duka biyun an shafe su da magani da ke tsatsafowa a hankali don ya hana naman bangon jijiya tsiro ya sake cike hanyar.

Dalilin ƙirƙirar ta mai kyau ne. Jijiyar da aka buɗe tana bukatar tokara ne na 'yan watanni kawai, kafin ta warke a sabon faɗinta. Bayan nan ƙarfen ba shi da sauran aiki, sai dai ya hana jijiyar miƙewa da tsukewa yadda Allah ya halicce ta, ya kuma tare wurin da likitan tiyata zai so ya ɗinka sabuwar hanya idan bukata ta taso nan gaba. Ga mutum ɗan shekara 40 da ke da sauran rayuwa mai tsawo a gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Roba ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, don haka dole aka yi zaren ragar da kauri. Na Absorb ya kai kusan maikuron 150 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), alhali na ragar ƙarfe ta zamani 60 zuwa 80 ne. Zare mai kauri yana tsayawa a cikin magudanar jini kamar duwatsu a kwata, jini ya riƙa juyi a bayansa, kuma inda jini ya yi juyi nan yake daskarewa. Amurka ta amince da Absorb a watan Yulin 2016. A babban gwajin da aka yi a can mai suna ABSORB III, kan mutum kusan 2,000, bayan shekara uku jini ya daskare a cikin ragar ga kashi 2.3 cikin ɗari na masu mai narkewa, masu ta ƙarfe kuwa kashi 0.7. Gwajin AIDA na ƙasar Holan ya sami kashi 3.5 da 0.9 a shekara biyu. A watan Satumban 2017 kamfanin ya daina sayar da ita. A 2018 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce kada a yi amfani da raga mai narkewa sai a cikin bincike.

Ba a nan zancen ya ƙare ba. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen gwajin ABSORB III har shekara biyar, an ga cewa ƙarin haɗarin ya tsaya bayan shekara uku, wato lokacin da ragar ta gama narkewa. An kuma ga cewa matsaloli da yawa sun faru ne a ƙananan jijiyoyi da kuma inda ba a dasa ta bisa ƙa'ida ba. Yanzu akwai sababbi masu siririn zare, irin su MeRes100 ta Indiya mai maikuron 100, da Freesolve ta maginiziyam da ta sami izini a Turai a 2024. Kan bugun zuciya takamaimai, wani gwaji da aka yi a Sifen kan mutum 150 mai suna MAGSTEMI ya nuna jijiyar masu ragar maginiziyam ta fi dawo da motsinta bayan shekara, amma kuma ta fi saurin sake tsukewa. A ganinmu, a halin da ake ciki, ragar ƙarfe ta zamani mai magani ita ce zaɓin farko ga mai bugun zuciya. Mai narkewa zaɓi ne ga mutum na musamman, a hannun likitan da ya saba da ita, a ɗakin da ke da na'urar leƙa cikin jijiya.

Sa'o'in farko, tun kafin a zo zancen raga

Nauyin ƙirji da ya wuce minti 15 zuwa 20, musamman da gumi, amai ko sarƙewar numfashi, bugun zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai kasala mai tsanani, haki, ko zafi a ƙahon zuci. A ba mutum asfirin miligiram 300 ya tauna, ba haɗiya ba, don ya fi saurin shiga jini, sai fa idan jikinsa ba ya karɓar asfirin ko yana zubar da jini a lokacin. Kada ya tuƙa kansa, kada ya hau bayan babur. A nufi asibitin da ke da na'urar ECG, mai zana yadda zuciya ke bugawa, kai tsaye, a ce da ma'aikatan ciwon ƙirji ne. Ƙa'ida ita ce a ɗauki ECG cikin minti 10 da isowa. Idan na farko bai nuna komai ba kuma ciwon bai lafa ba, a maimaita bayan minti 15 zuwa 30.

Idan ECG ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, likita zai yi lissafi guda: za a iya kai mutumin ɗakin buɗe jijiya a zura siririyar wayar da ke ratsa toshewar cikin minti 120? Irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne a Nijeriya, kuma a manyan birane suke. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, Kano kusan 150, Abuja ta haura 250, ban da lokacin neman mota da haɗa kuɗi. Idan minti 120 ba za su yiwu ba, kuma ciwon bai wuce awa 12 da farawa ba, abin yi shi ne allurar narkar da gudan jini a nan take: streptokinase yunit miliyan 1.5 a cikin ƙarin ruwa na minti 30 zuwa 60, ko tenecteplase gwargwadon nauyin mutum. Ba a ba wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko ya yi shanyewar ɓarin jiki cikin wata shida da suka wuce, ko aka yi masa babbar tiyata kwanan nan. Bayan allurar sai a wuce da shi a ɗauki hoton jijiyoyin cikin awa 2 zuwa 24, ko nan take idan ciwon bai sauka ba. Muna roƙon iyalai kada su ƙi wannan allura don suna jiran raga ta zamani a wani gari. Tsokar zuciya ba ta jira.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hawan jini, ciwon suga ko tarihin ciwon zuciya a gida ya tambayi likitansa tun yana lafiya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko duk inda yake ganin likita, ina ne mafi kusa da ake buɗe jijiya dare da rana, ya rubuta ya ajiye inda uwargida da manyan 'ya'ya suka sani.

Abu ɗaya da kunya ke sa a ɓoye: idan mutum ya sha maganin ƙarfin maza cikin kwana biyu, na bature ko na gargajiya (wasu na gargajiyar ana cakuɗa su da na bature), ya faɗa wa likita a asirce. Haɗuwarsa da maganin buɗe jijiya da ake sawa a ƙarƙashin harshe na iya kifar da jinin mutum ƙasa warwas.

Jijiyar da ta dace da wadda ba ta dace ba

Sai an ɗauki hoto ake sanin wannan, ba a yanke shawara daga waje. Jijiyar da ta dace faɗinta tsakanin milimita 2.5 da 3.75 ne, toshewar gajera ce da raga ɗaya za ta rufe, wurin miƙaƙƙe ne, kitsen mai laushi. Abin da ya sa wasu likitoci ke kwaɗayin ta a bugun zuciya ke nan, don masu shi sau da yawa matasa ne kuma toshewar kan kasance a farkon jijiya inda take da faɗi. Ba a sa ta a jijiyar da faɗinta ya gaza milimita 2.5, don zaren zai cinye hanyar. Ba a sa ta inda bango ya ƙandare da alli, ko a uwar jijiyar hagu, ko a bakin da jijiya ta ɓullo, ko mararrabar da ke bukatar raga biyu, ko doguwar toshewar da za a ɗora raga kan raga.

Akwai kuma sharaɗin da ba a gani a hoto. Mutumin da ba zai iya shan magungunan hana daskarewar jini guda biyu kullum na tsawon lokaci ba, saboda gyambon ciki mai zubar jini, tiyata da ke tafe, ko don kuɗin maganin zai gagare shi bayan wata uku, wannan raga ba tasa ba ce. A faɗa wa likita gaskiyar aljihu tun farko, ba abin kunya ba ne.

A cikin ɗakin aikin

Mara lafiya yana farke, wurin shiga kawai ake kashewa. Kafin a fara an ba shi asfirin da magani na biyu: ticagrelor miligiram 180, ko prasugrel 60, ko clopidogrel 600. Ana shiga ta jijiyar wuyan hannu, don ta fi ta matsematsi ƙarancin zubar jini, a ba da heparin, allurar hana jini daskarewa, yunit 70 zuwa 100 a kan kowane kilo na nauyinsa. Bututu mai kaurin kusan milimita 2 zai bi hannu har bakin jijiyar zuciya, a fesa ruwan da ke fitowa a hoto. Inda ruwan ya tsaya cak, nan ne toshewar. Sai a zura waya siririya, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ta ratsa gudan jinin. Komai na gaba a kan wannan waya zai bi.

Daga nan ne aikin mai narkewa ya bambanta, kuma matakai uku ne ba a tsallake ko ɗaya.

Na farko share mata wuri. Ragar ƙarfe tana iya tura bango da kanta, wannan ba ta iyawa. Ana hura balan-balan mai faɗi daidai da na jijiyar har sai ya buɗe ba tare da ƙugu a tsakiyarsa ba. Idan ya ƙi buɗewa sosai, an sami amsa: a ajiye mai narkewa, a ɗauko ta ƙarfe. A bugun zuciya wannan mataki yana da nasa haɗarin, don balan-balan na iya farfasa gudan jini ya tura ɓarɓashinsa ƙananan rassa, jijiya ta buɗe amma jini ya ƙi gudu. Shi ya sa idan gudan babba ne wasu ke fara zuƙe shi.

Na biyu awo, kuma a nan ne bugun zuciya ya fi yaudara. Jijiyar da ta toshe tana a tsuke, saboda ciwo da firgici sun sa ta ƙanƙance, ga kuma gudan jini a manne a bango. Wanda ya auna ta a haka zai zaɓi ragar da ta yi ƙanƙanta. Bayan kwana biyu jijiya ta saki, gudan ya narke, sai a sami raga tana reto a tsakiya ba ta taɓa bango. Don haka sai jini ya dawo gudu, a fesa maganin sakin jijiya a ciki, a ɗan dakata, sannan a auna. Ido kaɗai ba ya isa. Ana zura 'yar na'ura mai ɗaukar hoton cikin jijiya da sauti ko da haske, ta ba da faɗin a milimita. Da ta ƙarfe idan an yi kuskure ana iya ƙara buɗe ta sosai daga baya. Wannan kuwa idan aka wuce kusan rabin milimita a kan faɗin da aka ƙera ta da shi, zarenta karyewa yake.

Wajen sakin ta ma ba a gaggawa. Ta roba ana ƙara mata matsi kaɗan-kaɗan, awo biyu na ma'aunin matsi duk daƙiƙa biyar, in an kai inda ake so a riƙe aƙalla daƙiƙa 30. Ba ta fitowa a hoto, sai wasu 'yan ɗigo biyu na ƙarfe a kowane baki da ke nuna inda ta fara da inda ta ƙare.

Na uku danne ta. Ana shigar da wani balan-balan mai tauri wanda ba ya kumbura fiye da girmansa, a hura shi da matsi mai ƙarfi, awo 16 zuwa sama, don zaren ya nutse cikin bango, ba tare da an wuce iyakar rabin milimitan nan ba. Sai a sake leƙawa da na'urar: ta buɗe ko'ina, ta manne, bakinta bai yaga bango ba. Wannan mataki shi aka riƙa tsallakewa a shekarun farko.

Daskarewar jini a kwanakin farko galibi daga raga ce da ba ta buɗe ba, ko ba ta manne ba, ko magani bai kama jiki ba. Wadda ke zuwa bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa labarinta daban. Zaren da ya nutse a bango nama yana rufe shi, ya narke a ɓoye ba tare da wata illa ba. Wanda ya tsaya a fili, idan lokacin ruɓewarsa ya yi sai ya karye ya faɗo cikin magudanar, jini ya taru a kansa. Kuskuren minti biyar a ranar dasawa ne ke bayyana bayan shekara biyu.

Bayan an koma gida

Za a ɗaure wuyan hannun na 'yan sa'o'i, kuma kada a ɗauki kaya mai nauyi da shi na kusan mako guda. Ana duba ƙoda bayan kwana biyu zuwa uku saboda ruwan hoton, musamman ga mai ciwon suga, a kuma yi hoton zuciya a ga yawan tsokar da ta tsira.

Asfirin miligiram 75 kullum, tare da ticagrelor 90 safe da yamma ko clopidogrel 75 sau ɗaya. Bayan bugun zuciya wata 12 ne ƙa'ida, kuma ga ragar roba likitoci da dama kan tsawaita har ta gama narkewa idan mutum ba ya zubar jini. Babban kuskure shi ne mutum ya ce ai narkewa take, ya ajiye magani da ya ji sauƙi. Watannin da take narkewar su ne ma aka fi bukatarsa. A sayi na wata mai zuwa tun saura mako guda, a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a ajiye shi nesa da zafin mota da na kicin. Idan an manta kashi ɗaya, kada a ninka na gaba. Ticagrelor na sa wasu jin kamar numfashi bai isa ba, a gaya wa likita ya canza, kada a daina da kai.

Likitan haƙori ko na tiyata ya ce a dakatar da su, a ce ya fara magana da likitan zuciya. Ƙaho da tsagar wanzami a haƙura da su. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki suna haɗuwa da asfirin su huda ciki, farasitamol ya wadatar. Mai shan clopidogrel da ke bukatar maganin ulsa, pantoprazole ya fi omeprazole, don na biyun yana rage masa ƙarfi. Bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar.

Sauran magungunan ma ba ado ba ne. Atorvastatin, maganin rage kitsen jini, miligiram 40 zuwa 80 da ake ba kowa bayan bugun zuciya shi ke kare sauran jijiyoyin da ba a sa wa raga ba, ana son mugun kitsen jini ya sauka ƙasa da 1.4 a ma'aunin milimol. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, ba ragewa ba.

Game da azumi, wanda bugun zuciyarsa bai wuce mako shida ba likitoci kan ba shi shawarar ya sha ya rama daga baya. Wanda ya warware, ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa, mai sha sau biyu a mai da shi sahur da buɗa-baki, ya kuma sha ruwa sosai da dare, balle idan azumin ya faɗo a zafin Maris da Afrilu.

Kafin a bar asibiti a karɓi kati ko takarda mai ɗauke da sunan ragar, ta ƙarfe ce ko mai narkewa, faɗinta da tsawonta, jijiyar da aka sa ta, ranar dasawa, da ranar da likita ya ce za a sake duba maganar magunguna biyun. A ɗauki hotonta a waya, a tura wa mutum biyu a gida. Idan ciwo irin na farko ya dawo, ko da dare ne ko bayan shekara biyu, a tauna asfirin 300 a nufi asibiti da takardar a hannu, don likitan da zai karɓe shi ba zai ga ragar roba a hoto ba sai an gaya masa tana nan.